Sanƙo a Gidan Mai Kitso

Dalilin da ya sa za ku ga ɓera da gashinsa, matarsa da gashinta, su haifi ɗa tumɓur ba ko sili ɗaya a jikinsa, shi zan gaya muku, tunda kun tono ɗaya a gindin rumbu kun hana ni sakat da tambaya. Ba ciwo ba ne, ba kuma wuta ce ta babbake shi ba. Gado ne. Ku mayar da shi inda kuka ɗauko shi, uwarsa na nemansa, ku dawo ku zauna. Wanda ya katse ni, labari ya ƙare.

A can da, ɓeraye na da garinsu a gindin wata tsohuwar ganuwa, bayan unguwar majema masu gyaran fata. A lokacin ba ɓeran da ba shi da gashi. A garin akwai wata mai kitso, sunanta Tabawa. Duk amaryar da za a kai ɗaki, a gaban Tabawa take fara durƙusawa. Ita kanta gashinta baƙi wuluk, in ta shafa masa man shanu ta fito rana har ɗaukar ido yake yi. Ba ta amsa gaisuwa sai ta dubi gashin mai gaishe ta. In ya yi mata, ta tambayi mutanen gida. In bai yi mata ba, ta ce "lafiya" ta ci gaba da tsaga.

Tana da auta, Yalwa. Duk saurayin da ya zo neman Yalwa, sai ya juya wa Tabawa baya ta sa masa mataji. Wani ta kore shi don ƙwarƙwata. Wani ta ce gashinsa ja ne kamar na akuyar da ta sha rana. Da aka zo kan wani mai suna Nomau, shiru-shiru, mai aikin gyaɗa, ta taje shi daga ƙeya har gindin wutsiya, ta ce, "Da dama-dama." A bakin Tabawa wannan kirari ne.

Ranar da Nomau zai kawo gaisuwar iyaye, ya ɗaura ƙunshin ƙuli-ƙuli a ka. Don ya yanke hanya, sai ya bi ta kan katangar majema. Ƙarƙashin katangar kuwa akwai kwatarniya cike da ruwan toka da kanwa, inda majema ke jiƙa fata don gashi ya saki. Ƙafa ta zame. Tsundum.

Nomau bai saki ƙunshin ba. Ya ɗaga shi sama da hannu biyu, yana iyo da ƙafa, yana zagaya kwatarniya, har ya dace da gefen wata fatar tunkiya da ta leƙo waje, ya hau ta ya fita. Ya kwanta a rana ya bushe, ya ɗauki kayansa ya ci gaba. A ganinsa ba abin da ya faru sai ɗan ƙaiƙayi.

Ya tarar da Tabawa a tsakar gida tana kitso, mata sun yi layi a kan tabarma. Ya durƙusa nesa.

"Inna, barka da rana."

"Juyo," in ji Tabawa, don ba ta yarda da tajin jiya.

Ta kafa mataji a ƙeyarsa ta ja. Gashin baya gaba ɗaya ya biyo mataji kamar ana naɗe tabarma. Tabawa ta dubi mataji, ta dubi bayan Nomau. Shi kuma ƙurar gashin ta shiga hancinsa, ya yi atishawa. Sauran ya zube a ƙasa. Ba abin da ya rage sai gashin baki, shi ma toka ta murɗe shi.

Matar da ake yi wa kitso ta ɗago kai ta ce, "Tabawa, yau kam kin taje yaro har ya ƙare!"

Mata suka kwashe da dariya har da faɗuwa. Nomau ya tura ƙunshi gaba, kansa a ƙasa, ya ce, "Ƙulin dai bai jiƙe ba, Inna."

Aka ce gashi zai fito. Tabawa ta shafa masa man shanu, ta shafa man kaɗe, ta shafa abin da ma ba ta san sunansa ba. Damina ta wuce, kaka ta wuce, Nomau na nan sumul kamar ƙwarya. Sai Tabawa ta ce aure ya fasu.

Yalwa ta ce, "Inna, ni fa ba gashi zan aura ba."

"Ke ba gashi za ki aura ba, ni kuwa gashi zan goya. Gidan mai kitso a ce ga suruki kamar an fere doya?"

"Ya faɗa ruwan toka bai saki ƙulina ba. Wani mai sheƙin gashi da ya taɓa nemana, yayyafi aka yi ya juya da goronsa."

"Na gama magana."

"To shi ke nan," in ji Yalwa, ta ɗauki mayafi. "Bari in je wurin Cindo wanzami ya yi mini ƙwal, daga kai har wutsiya. In mun zama iri ɗaya ai ba wanda zai ce wani ya fi wani."

Tabawa ta san 'yarta. Ta hango autarta an aske ta tas tana ratsa kasuwa, ana cewa ga 'yar mai kitso. Ta riƙo gefen mayafin.

"Zauna, mai kunnen ƙashi. Aure na yarda." Sannan ta juya wajen matan da ke tabarma, ta ɗaga mataji sama. "Amma ku shaida. Na rantse, muddin ina numfashi, ba za a haifi mai sanƙo a zuriyata ba."

Aka yi biki. Ba a jima ba Yalwa ta sami ciki. Tabawa ta kasa cin abinci, don ta san yadda haihuwa take a wancan zamani.

Ga yadda take. Kun ga jariri da hannu a dunƙule yake zuwa duniya. To a dama yana riƙe da abin da ubansa ya ba shi, a hagu abin da uwarsa ta ba shi. Ungozoma ce ke buɗe hannuwan, kuma a da duka biyun take buɗewa, yaro ya fito rabi uwa rabi uba. Ɗan dogo da gajeriya ya fito tsaka-tsaki. Ɗan Nomau da Yalwa kuwa, ku da kanku ku auna.

Ungozomar garin wata tsohuwar Gafiya ce, mai kaushin gashi, wadda ba mai kitson da ke son ganin ta shigo. Tabawa ta ɗauki goro ta tafi gidanta.

"Iya Gafiya, jikokina za su fito nan gashi nan fata, kamar tabarmar da gara ta ci. Ki yi mini dabara. In kin tarar da sanƙo a hannun jariri, ki karɓe ki jefa a masai."

Gafiya ta ɓare goro ta ce, "Abin da uba ya danƙa wa ɗansa, ungozoma ba ta ƙwace shi. Ba hurumina ba ne."

"To me ke huruminki?"

"Buɗewa. Ina iya buɗe hannun da ke da gashi, in bar na sanƙon a rufe. Yaro zai fito da gashi cif, ba wanda zai gane."

Tabawa ta yi guɗa.

"Tsaya, ban gama ba," in ji Gafiya. "Abin da ke cikin rufaffen hannu ba ya ruɓewa. Yaro zai girma da shi. Ran da ya tashi haihuwa, cikin abin hannunsa biyu ɗaya zai miƙa wa ɗansa, kuma ba shi ke zaɓa ba. Wani ɗan ya karɓi gashi, wani ya karɓi sanƙo. Muddin ɗaya hannun na da gashi, zan rufa miki asiri. Amma ran da jariri ya zo mini da sanƙo a dama, sanƙo a hagu, dole in buɗe ɗaya. Ba a barin yaro da hannu biyu a rufe."

Tabawa ta yi dariya. "Iya, mai sanƙo ɗaya ne a duniya, kuma yana gidana yana ɓarar gyaɗa. Ina za a samo na biyun?"

"Ni dai na faɗa. Ladana kuma, kitso kyauta har ƙarshen raina."

Tabawa ta dubi kan Gafiya, ta haɗiye yawu, ta ce ta yarda.

Yalwa ta haihu. 'Ya'yan ɓera dama jajaye ake haifarsu, ba gashi, sai an kusa suna yake tsirowa. Tabawa ta yi ta leƙe kamar mai jiran tukunya. Kafin suna gashi ya fito musu, baƙi wuluk, dukansu. Cindo wanzami ya yi askin suna har askarsa ta dakushe.

Tabawa ta zagaya gari da jika a baya. "Kun gani? Jinin gidanmu ba a rinjayarsa. Toka ta ci gashin uba, ta bar na 'ya'ya."

Nomau ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Sai dai duk haihuwar da aka yi, in ido ya ragu, yakan ɗauki jariran ɗaya bayan ɗaya ya jujjuya su, ya duba ciki, ya duba bayan kunne, ya ajiye. Tabawa ta taɓa kama shi yana haka.

"Me kake nema?"

"Ba komai, Inna. Na ce ko akwai wanda ya ɗauko ni."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Tabawa. Amma da ta koma ɗaki, ta daɗe zaune da mataji a hannu ba ta taje komai ba.

Ɓera ba ya daɗewa bai ga tattaɓa-kunnensa ba. 'Ya'yan Nomau suka girma, suka yi aure a wasu gidaje, su ma suka haifa. Tabawa ta tsufa. Sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, in gari ya yi sanyi da ƙyar take riƙe tsinken kitso. Amma idonta na nan, bakinta ma na nan. Abin da ke damunta yanzu gashin surukai ne. Wannan gida gashinsu gajere, wancan gida nasu ja. Tana gani gashin zuriyarta na sirkuwa kamar nonon da aka yi wa ruwa.

Cikin jikokin Nomau, biyu ne suka ɗauko gashin Tabawa sak. Akwai Shekarau, ɗan ɗansa namiji. Akwai Dudu, 'yar 'yarsa mace. Taubasai ne ke nan, abokan wasa, kuma ba sa haɗuwa ba a ji su ba.

Wata rana Dudu na gaban Tabawa ana yi mata kitson doka, sai ga Shekarau.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, kina ɓata man shanunki a kan baiwata? Ko an yi mata kitson zinariya ba mai saye."

Dudu ba ta ɗago ba ta ce, "Wa ya kwance wannan? Kaka, rufe tukunya, ga mayunwacin unguwa ya shigo."

"Ni da na kawo miki aya?"

"Ajiye ka tafi."

Ya ajiye, bai tafi ba. Ita ma ba ta sake cewa ya tafi ba. Tabawa ta dubi gashin wannan, ta dubi na wancan, ta ga yadda suke satar kallon juna. Ranta ya yi fari.

Ta tara iyayensu ta ce, "Gashin gidan nan ya isa haka da rabo a titi. Ga yaro ga yarinya, suna son juna, makaho ma ya gani. A yi tuwona maina."

Kowa ya yi murna. Nomau ne kaɗai ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, tsoho da shi, fatarsa duk ta yamutse.

"Inna, ba ƙin auren nake ba. Sai dai su biyun nan duk jikokina ne."

"To na ce jikokin Sarkin Pawa ne?"

"Maganar da Iya Gafiya ta yi miki nake tunawa, ni ma ta gaya mini. Hannu biyu."

"Kai, tashi! Dubi gashin yaran nan. Mataji biyu na karya a kan Dudu. Ina sanƙo zai sami wurin ɓuya a jikinsu? In da a ce masu ɗan sili-sili ne, sai in ji tsoro."

Ran da Gafiya ta zo kitsonta na kyauta, ita ma ta ce, "Tabawa, abin cikin hannu ba a ganinsa a baya."

Tabawa ta ja mata gashi da ƙarfi ta ce, "Sunkuya, Iya, kina ɓata mini tsaga."

Aka yi biki, Tabawa ta yi rawa har sai da aka riƙe ta. Da damina ta tsaya, Dudu ta haihu, jarirai cike da ƙwarya. Gafiya ta fito daga ɗaki tana goge hannu. Tabawa ta tare ta.

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Ki tanadi man kaɗe da yawa."

Tabawa ta ɗauka don yawan gashi ne. Ta aika aka cika mata ƙoƙo.

Ranar suna gida ya cika. Hadari na haɗuwa a gabas, amma ba wanda ya kula. Cindo wanzami, shi ma ya tsufa, ya shimfiɗa buzunsa, ya wasa aska. Ana miƙo masa jarirai yana askewa yana mayarwa. Da aka miƙo na ƙarshe, ya ɗaga aska, ya tsaya. Ya juya yaro. Ya sake juya shi. Ya kai shi wajen haske. Yaro sumul, ja-ja da shi, fata a yamutse, ga ɗan gashin baki a murɗe.

Cindo ya ce, "Jama'a, wane wanzamin ne ya riga ni? In an canza ni a gidan nan, a gaya mini."

Mata suka matso. Sai wata tsohuwa, wadda ake yi wa kitso ranar da gashin Nomau ya zube, ta leƙa ta ce, "La ilaha! Nomau ya dawo ƙarami!"

Tabawa ta yi kan Gafiya. "Iya, haka muka yi da ke? Shekara nawa ina fama da wannan kan naki kyauta?"

Gafiya ba ta ko ajiye ƙwaryar kununta ba. "Na buɗe dama, sanƙo. Na rufe, na buɗe hagu, sanƙo. Hannu na uku zan ƙera masa? Uban ya kawo ɗaya, uwar ta kawo ɗaya. Ni ban haɗa su ba. Jama'a, wa ya haɗa auren nan?"

Mata suka amsa baki ɗaya, "Tabawa!"

"Me ta ce a yi?"

"Tuwona maina!"

Dariya ta ɓarke. Cindo na cewa shi dai ladan askinsa ba ragi, don ya riga ya wasa aska. Tabawa ta shige ɗaki ta saki labule. Aka kira ta cin tuwon suna, ta ce ba ta nan.

Sai ruwa ya sauko, da iska mai sanyi. Baƙi suka watse. Ɗakin mai jego ya fara yoyo. Sauran jarirai na da ɗan abin da aska ta bari a jiki, suka cure wuri ɗaya. Ɗan sanƙon kuwa sai karkarwa yake yi. Nomau ya san wannan sanyin, shi ya fi kowa saninsa. Ya ɗauki yaron ya tsallaka tsakar gida, ya tsaya a bakin labule.

"Inna, riƙe mini shi in je in toshe yoyo."

"Kai wa uwarsa."

"Can ne ke yoyon. Ɗakinki ne kaɗai busasshe."

Bai jira amsa ba, ya ajiye mata shi a cinya ya fita.

Tabawa ta ɗauke shi da kan yatsu, don ta ajiye shi gefe. Sai ta ji abu. Yaron ɗumi gare shi kamar ƙosai daga kasko, don ba gashin da ya tare zafin jikinsa. Yatsunta da suka sandare tun da hadari ya haɗu suka fara saki. Ta sa ɗaya hannun ma. Shi kuwa yaro ya lalubi gashin ƙirjinta, wannan gashi da ta yi rayuwarta tana wa hidima ba a taɓa morarsa da komai ba sai kallo, ya nutse a ciki, karkarwa ta tsaya, ya yi barci.

Ta daɗe ba ta motsa ba. Can ta leƙa, ta ga fatar bayansa ta bushe. Ta jawo ƙoƙon man kaɗe. Ta shafe shi tas. Sannan ta ɗauki ƙaramin mataji ta taje masa ɗan murɗaɗɗen gashin bakin, hagu da dama.

Ruwa ya ɗauke. Nomau ya dawo jiƙe sharkaf.

"Na toshe, Inna. Kawo shi."

"Wa?"

"Yaron."

"Je ka nemi wani yoyon." Ba ta dube shi ba, ta ƙara da cewa, "Ka yi ta jujjuya jarirai kana nema. To ga shi ka samu. Har yamutsar wuyan taka ce."

Nomau ya durƙusa a bakin ƙofa yana dariya, ruwa na zuba daga fuskarsa, ba duka ne na sama ba.

Matan da suka fake a zaure suka leƙo. "Tabawa, ina rantsuwa?"

"Ta karye. Ni na karya ta da hannuna, ba sai kun gaya mini ba. Gobe miskinai goma su zo su ci ƙuli-ƙuli, kaffara ce. Yanzu ku sakar mini labule, iska na shigar wa yaro."

Aka sa wa yaron sunan Nomau. Da yake Tabawa ba ta faɗin sunan suruki, sai ta riƙa kiransa Kasko. A bayanta ya girma. Cinsa ya ninka na 'yan'uwansa, don wanda ba shi da riga da abinci yake hura wutar jikinsa, kuma duk wanda ya yi maganar cin nasa, da Tabawa zai yi. Gafiya kuwa, da ta ga dabarar ta yi, ta koya wa sauran ungozomomi, abin ya bi duniya.

To shi ya sa har gobe sanƙon ɓera yake tafiya a ɓoye. Sai ya tsallake ɗa, ya tsallake jika, ba wanda ya san yana nan, sai ran da uwa mai ɗauke da shi ta haɗu da uba mai ɗauke da shi. Ko a nan ma ba duka 'ya'yan ke fitowa haka ba, ɗaya ne ko biyu a cikin ƙwarya. An ce akwai masu kiwon irinsu a keji don sha'awa, kuma su ma ba gashin iyaye suke dubawa ba, kakanni suke tambaya. Abin da Tabawa ta ƙi ji ke nan. In ka taɓa irin wannan ɓera za ka ji shi da ɗumi, in ka sake shi kuma cikin masu gashi zai kutsa, yana neman ƙirjin tsohuwar nan.

Kai mai tambayar inda ka samo kunnuwan nan da ba na uwarka ba, ba na ubanka ba, je ka dubi kakarka da kyau. Ku tashi haka nan, ku wanke hannu da toka, kun taɓa ɓera. Kada dai ku daɗe a ciki.